KOWA YA BAR GIDA, GIDA YA BAR SHI: INA MAKOMAR SANA'AR WANDA YA KOMA AREWA?

Muna so a wannan fitowa mu tattauna wata magana da kowa ke yi a shago da ƙofar masallaci amma ba a cika bin ta har ƙarshe ba, wato maganar komawa gida.

Duk lokacin da wata fitina ta tashi a ƙasar Kurmi, ko gwamnati ta kafa wata doka da ta taɓa abincinmu, abin da za ka fara ji a bakin jama'a shi ne: "Mu tattara mu koma gida, ai ba daga sama muka faɗo ba." Mu a ƙungiyance ba mu hana kowa komawa ba, ba mu da ikon hanawa ma. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar ya yi tafiya ya kuma zauna a duk inda ya ga dama a cikin ƙasar nan, kuma wannan dama ta haɗa da zama ta haɗa da tashi. Abin da ke damunmu shi ne ana yin lissafin kuɗin mota da na ɗaukar kaya, amma ba a yin lissafin abin da mutum zai ci bayan wata shida da sauka. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, sana'a ba ta hawa tirela tare da katifa da tukwane. Mafi yawan waɗanda suka koma, aikin da suka bari a nan ba shi suke tararwa a can ba, kuma wanda bai shirya wa wannan canji ba shi ne yake fi shan wuya.

BA YAU AKA FARA BA

Komawar jama'armu gida tsohuwar magana ce. A 1966 'yan Arewa da ke zaune a Jihar Gabas sun baro dukiyoyinsu sun dawo, daidai lokacin da 'yan Gabas ke barin Arewa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar ƙasar, kuma a cikin waɗanda abin ya shafa akwai Hausawan da aka haife su a zangon Kumasi da na Ankara, waɗanda ba su taɓa ganin Kano da idonsu ba. Mu da muke zaune a Kudu maso Yamma kuwa ba mu manta da Shagamu a watan Yuli na 1999 ba, da Ketu a ƙarshen wannan shekara, da Idi-Araba a watan Fabrairu na 2002, da Sabo ta Ile-Ife a 2017, da kasuwar Sasa a Ibadan a watan Fabrairu na 2021. Kowace daga cikinsu ta cika manyan motoci da iyalai zuwa Arewa. Ga kuma 'yan uwanmu da yaƙin Libiya na 2011 ya koro, da waɗanda Saudiyya ta maido a lokutan kamen marasa takardu na 2013 da 2017, da ɗaliban da aka kwaso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023.

Duk waɗannan an ba da labarin ranar tafiyarsu. Abin da ba a bayar ba shi ne labarin abin da suka koma yi. Wannan labari kuwa mu ne muke jin sa, domin wurinmu suke bugo waya su nemi a karɓo musu bashin da suka bari, kuma da yawansu mu ne muke sake tarbarsu a tasha bayan shekara ɗaya ko biyu, sun dawo su fara daga tushe a wurin da a da su ne ake yi wa yaranta.

ME YA SA SANA'AR BA TA BIN MAI ITA?

Dalili na farko shi ne, yawancin sana'o'inmu a nan nisan da ke tsakanin Arewa da Kudu ne ya haife su. Tun da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, abin da ya riƙe ta shi ne goro ya tafi Arewa, shanu su zo Kudu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, kuma a littafin da ya fitar a 1969 ya nuna yadda wannan ciniki ya dogara ga maigida da dillali, wato mutanen da ke saukar da baƙo, su adana masa kaya da kuɗi, su tsaya masa a kan bashi. Har yau kuwa ginin bai canja sosai ba.

A ɗauki dillalin shanu a kara ta Oko-Oba a Agege ko ta Akinyele. Mene ne jarinsa na gaskiya? Ba shanun ba ne, domin ba nasa ba ne. Jarinsa shi ne ya san wane mahauci ne zai ɗauki sa uku bashi ya biya ranar da ya ce, ya san wanda ba a ba shi ko akuya, yana jin Yarabanci, kuma mai shanu daga Potiskum ko Maigatari ya yarda da kalmarsa. Shekara ashirin ya yi yana tara wannan sani. Ranar da ya sauka a kasuwar Wudil, duk wannan ba shi da mai saye. Can ma akwai dillalai da suka gaji wurin daga iyayensu, kuma ba wanda zai matsa masa ya zauna a kan tabarmarsa don ya ce a Legas shi babba ne. Haka mai goro da ke ɗaure huhu a Shagamu. A nan yana bakin gona, manoma sun san shi, yana zaɓen na kirki tun kafin ya shiga kasuwa. A kasuwar Mariri ta Kano kuwa ya zama ɗaya daga cikin masu jiran mota ta iso.

Dalili na biyu shi ne, abin da ya yi ƙaranci a nan ya yi yawa a can. Mai tsire a Legas ko Fatakwal yana da unguwa guda shi kaɗai, kuma masu saye ba sa tsananta neman ragi. A Kano ko Zariya kowane lungu akwai tukuba. Mai gadi, da mai sayar da ruwa a kura, da mai wankin takalmi, da mai shayi, da mai yankan farce, duk haka abin yake: a nan ana nemansu, a can sun fi masu buƙatarsu yawa. Ɗan canjin da ke da teburinsa a Sabo, idan ya je Wapa, zai tarar da waɗanda suka fi shi jari da sanayya.

Dalili na uku shi ne bashi. Cinikinmu kusan duk a kan bashi yake tafiya, kuma rabin dukiyar ɗan kasuwa tana hannun mutane. Wanda ya tashi cikin gaggawa ya bar wannan rabi a baya. Mai bashi kuwa idan ya ji ka yi nisan kilomita dubu, sai biyan ya zama sai ya ga dama, balle idan ba a rubuta komai ba.

DARASIN 'YAN ACABA

Babu misalin da ya fi na matasanmu masu okada fitowa fili. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Legas ta hana su aiki a wasu ƙananan hukumomi, sannan daga 1 ga Yuni 2022 ta hana gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba na wannan shekara. An kama babura da yawa an murƙushe su. Waɗanda suka tsira da nasu suka loda su a mota suka nufi gida da tunanin za su ci gaba da abin da suka iya. Wanda ya nufi Kano sai ya tarar an riga an hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni tun watan Janairu na 2013. Abuja ta hana tun 2006, Maiduguri kuma a 2011. Abin da ya rage masa shi ne ko ya koma ƙauye inda fasinja ba su da yawa kuma kuɗin ba ya kai rabin na Legas, ko ya sayar da babur ya karɓi Adaidaita Sahu na wani yana kai masa balas kullum. Wato wanda yake mai abin hawansa ya koma yaron wani. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, abin da ke saura a aljihu bayan mai da balas ya ƙara raguwa.

GONAR DA AKE TUNANI

Da yawa daga cikinmu idan aka tambaye su me za su yi a gida, amsar ita ce noma. Noma tushen arziki ne, ba mu musa ba. To amma wace gona? Wanda ya yi shekara talatin a Kurmi, sau da yawa an raba gado ba ya nan, ko an ba wani aron kasonsa har ya yi shekaru yana nomawa ya ɗauka nasa ne, ko an jinginar da ita a wata shekarar yunwa, ko gari ya cim mata an yanka filaye. Neman ta ya zama shari'a da 'yan uwa na jini, kuma mutum ya zaɓi ko gona ko zumunci. Idan ma gonar tana nan, a sassa da dama na Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja an kai matsayin da manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ga tsadar taki, ga jikin da ya saba da zaman rumfa ba zai ɗauki fartanya kamar na ɗan shekara ashirin ba. Mai jari kaɗan sai ya zuba shi duka a damina guda, idan ruwa ya ɗauke da wuri shi ke nan.

Akwai kuma abin da muke jin nauyin faɗa amma gaskiya ne. Wanda ya dawo daga Legas ana yi masa kallon mai kuɗi ko da bashi ya ci ya biya mota. Suna, biki, asibiti, kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanne, duk ƙofarsa ake bugawa, shi kuma kunya ba ta barinsa ya ce babu. Sannan abu na farko da yake yi shi ne gini, domin kada a ce ya dawo ba shi da ɗaki. Kafin a yi rufi uwar kuɗi ta shige cikin bulo da siminti. Gida ya tsaya, sana'a ta kwanta.

'YA'YANMU DA MA'AIKATA

Waɗanda suka fi ba mu tausayi su ne 'ya'yan da aka haifa a nan, suka yi makaranta a nan, suka sami takardun ilimi. A nan idan suka nemi aikin jiha ko na ƙaramar hukuma, ko gurbin karatu da rangwamen kuɗin makaranta, sai a ce su kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake kira indijin, kuma ba a ba su, ko da kakansu a Sabo aka binne shi. Sai uba ya ce to tafi gida ka nema. A can kuma kafin a ba shi takardar sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida sun san gidansu, alhali wanda ya san kakan nasa ya daɗe da rasuwa. Yaro ya ji ana ce masa Bayarabe saboda harshensa ya karye, a nan kuma ana ce masa ɗan Arewa. Mun ga masu digiri da difloma da suka koma neman aikin gwamnati suka ƙare a sayar da katin waya ko koyarwa a makarantar kuɗi da albashin da bai kai kuɗin abinci ba.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kanta tun 2006, inda ta nuna yadda ake ware waɗanda ba 'yan asali ba a jihohi daban-daban, har da na Arewa. A 2011 jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba ta ce su koma jihohinsu, kuma mafi yawansu 'yan ƙabilar Ibo ne daga jihohin maƙwabta. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a ko'ina. Amma shi wannan kundi ne kuma ya kawo maganar rabon muƙamai bisa asali, kuma ta wannan ƙofa ake shiga a hana.

Wanda ya yi aikin kamfani a Ikeja ko Apapa kuwa, kada ya ɗauka masana'antun da ya bari yana yaro suna nan suna jiransa. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, kuma da yawa daga cikin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano sun daina aiki tun a waɗancan shekaru.

Kada mu manta da iyaye mata. Matar da ke sayar da tuwo ko fura ko ɗanwake a zango tana da masu saye tabbatattu, wato gwagwaren da suka baro iyalansu a gida, tana da adashinta, tana biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta ba tare da ta jira miji ba. Idan aka koma gidan gandu a ƙauye, kowane gida yana dafa nasa, masu sayen sun ɓace, adashin ya watse, kuma galibi ba a ma shawarce ta kafin a yanke ranar tashi ba.

Su kuma 'yan uwa da suka dawo daga Libiya ko Saudiyya, da yawansu sun dawo da gwaninta ta gaske: ɗaura tayil, filasta, fenti, walda, ɗinki, tuƙin manyan motoci, ga Larabci a baki. Amma ba su da takarda ko ɗaya da ke nuna sun iya, wasu ma albashin watannin ƙarshe ba a biya su ba. Tallafin sake zama da hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ke ba wasu daga cikin waɗanda ta kwaso yana taimakawa wajen farawa, amma ba ya maye gurbin kasuwa da masu saye. Shi ya sa za ka ga gwanin tayil yana tura baro, daga baya kuma ya sake bin hanyar Agadas.

AKWAI WAƊANDA KOMAWA TA YI WA RANA

Ba za mu yi adalci ba idan muka ce kowa ya koma ya faɗi. Akwai waɗanda suka fi yadda suke a nan, kuma ya kamata mu dubi abin da suka yi. Wanda ya yi shekaru yana sauke albasa da tumatir a Mile 12, ya koma ya zauna kusa da Aliero ko Kadawa yana saye yana lodawa, ya bar ƙaninsa ko yaronsa a rumfar Legas yana karɓa, wannan bai bar sana'arsa ba, gefen igiyar kawai ya canja, kuma sanin da ya yi wa kasuwar Kudu shi ne ya fifita shi a kan sauran masu lodi. Yaron da ya koyi gyaran waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya buɗe shago a Farm Centre ta Kano, da bakanike, da mai haɗa wutar sola, da mai aikin alminiyam, waɗannan sana'arsu a hannunsu take, duk inda suka je tana tare da su.

Idan aka duba su za a ga abubuwa huɗu sun haɗa su. Ba a guje suka tafi ba, sun yi shekara biyu ko uku suna zuwa suna dawowa kafin su kwashe iyali. Ba su yanke hulɗa da nan ba. Suna da rubutaccen lissafi da takardun abin da suka mallaka. Kuma sun fara kafa sana'a kafin su kafa gini.

GA MASU CEWA BA HAKA BA

Mun san wasu za su ce rai ya fi dukiya, idan wuta ta tashi wa zai tsaya lissafi? Gaskiya ne, kuma ba mu taɓa ce wa kowa ya tsaya a kashe shi saboda rumfa ba. Amma kaucewa fitina daban, sayar da gida da rumfa a rabin kuɗinsu cikin mako guda daban. Bayan rikicin Sasa na 2021 kasuwanci ya ci gaba a Ibadan, kamar yadda ya ci gaba a Shagamu bayan 1999. Wanda ya rufe ƙofarsa ya damƙa amana ya tafi, ya dawo ya tarar da abin farawa. Wanda ya sayar kuwa ya dawo haya.

Wasu kuma za su ce yin shirin komawa kamar amincewa ne cewa mu baƙi ne a nan. A'a. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon mallakar fili da gida a ko'ina cikin ƙasar nan, kuma muna nan a kan neman a daina kiran jikan wanda ya zo a zamanin jirgin ƙasa baƙo. Mutumin da ke da takardunsa cikakku a nan da can shi ne ba a iya yi wa barazana da kora, domin zamansa zaɓi ne, tafiyarsa ma zaɓi ce.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka muna kira ga kowane magidanci, ko yana da niyyar komawa ko ba shi da ita, ya kula da waɗannan:

Na farko, a rubuta bashi, wanda ake bin ka da wanda kake bi, da shaidu, kamar yadda addininmu ya yi umarni. A karɓi rasit na rumfa da yarjejeniyar haya ko ta sayen fili, a ajiye kwafi a wani wuri daban, ko da hoto ne a cikin waya. Kasuwa idan ta ƙone, mai takarda ake fara saurara.

Na biyu, a nema wa 'ya'ya takardar haihuwa da lambar NIN a nan, a kuma kai su garin asali tun dattawan da suka san zuriyar suna raye, a karɓar musu takardar indijin. Kada a jira sai ranar da aka buɗe ɗaukar aiki.

Na uku, masu sana'ar hannu su je su yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da aji na uku da na biyu da na ɗaya. Takarda ce da ake karɓa a kowace jiha. Mai shago kuma ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a hukumar CAC, ya riƙa shigar da ciniki ta asusun banki, domin wannan shi ne tarihin da zai nuna a inda ba a san shi ba.

Na huɗu, wanda ya yi aikin kamfani ya binciki asusunsa na fansho. Tun dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, asusun na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma, kuma wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da damar karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. A 2019 an buɗe irin wannan tsari ga masu sana'ar kansu. Kada a bar haƙƙi a baya saboda rashin tambaya.

Na biyar, a je a ga gona da ido, a daidaita maganar gado cikin lumana tun ana ga-maciji, a rubuta. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Na shida, a zauna da uwargida da manyan 'ya'ya kafin a yanke shawara. Su ma abincinsu da karatunsu ne ake shirin tumɓukewa.

Na bakwai, a shiga ajin yaƙi da jahilci. Da yawa daga cikin masu riƙe da ƙungiyar nan, har da mai wannan rubutu, da girmanmu muka koyi karatun boko a irin wannan aji, kuma ba don shi ba da ba mu iya karanta sashe ko ɗaya na kundin da muke kafa hujja da shi ba. Duk shawarwarin da ke sama, wanda ba ya karatu sai ya nemi mai karanta masa, kuma a nan ake cutar mutane.

A ɓangaren ƙungiya, muna ganin lokaci ya yi da kowane zango zai buɗe littafin waɗanda suka tashi: sana'arsu, inda suka koma, da amanar da suka bari. Sarkin Hausawa da shugaban kasuwa su riƙa ba mai tafiya wasiƙar shaida zuwa ga shugabannin kasuwar da zai je, domin sunan kirkin da ya tara a nan ya sami hanyar bin sa. A kuma kafa kwamitin dattawa da zai riƙa karɓo wa waɗanda suka tafi basussukansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga gwamnatocin jihohin Arewa kuwa, muna cewa aiko da motoci a kwashe mutane ranar rikici, a raba musu buhun shinkafa a gaban 'yan jarida, ba shi ne ƙarshen nauyin da ke kanku ba. Waɗannan mutane shekara da shekaru suna aiko da kuɗin da ke ciyar da ƙauyuka. Suna buƙatar rumfa a kasuwa, da sauƙin samun takardar asali ga 'ya'yansu, da gurbin makaranta a tsakiyar zangon karatu, da tsaron da zai bar su su yi noma. Ga gwamnatocin jihohin da muke zaune kuma, duk dokar da za ta rufe sana'ar dubban mutane a zo a zauna da shugabanninsu tukuna, a ba da wa'adi mai ma'ana, a nuna musu abin da za su koma yi. Muna biyan haraji a nan, muna jefa ƙuri'a a nan. Ga 'yan majalisar tarayya, muna sake tunatar da su buƙatar da aka daɗe ana kai musu, cewa wanda aka haifa a wuri ko ya daɗe yana zaune yana biyan haraji a ba shi haƙƙin ɗan wurin.

Gida gida ne, ba mai raba mu da shi, kuma kowa yana fatan ya tsufa a cikin danginsa. Abin da muke roƙo shi ne duk wanda zai koma ya koma da sana'ar da za ta riƙe shi, kada wanda ya yi shekara talatin yana aika wa mutane ya wayi gari yana jiran a aiko masa. Duk mai neman taimako wajen cike takarda ko rubuta yarjejeniya, ƙofar ofishin ƙungiya a buɗe take.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya haɗa kanmu da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya